Gwiwar Hannun Baƙon Sallau

Ku matso, ku rage murya. Kai Tanimu, in ka san za ka yi fitsarin kwance, tashi tun yanzu.

Kun san Sallau mai sassaƙa, na bayan tsohuwar marina. Injin nan nasa mai juya itace, wanda yake fitar da ƙafar gado da muciya, wajen maigidansa Baba Jatau ya gaje shi. Baba Jatau kuwa a ranƙwafe ya mutu, har sai da aka sha wuya wajen miƙar da shi a makara. Abin nan ya tsaya wa Sallau a rai. Ba abin da yake tsoro kamar ya ƙare haka.

Masu sana'ar suna da ƙa'ida: ka tsaya ƙafa ba takalmi, ka lanƙwasa hannu, itacen da ke juyawa ya zo daidai gwiwar hannunka. Injin Baba Jatau kuwa da kyar ya kai cinya. Wata uku Sallau yana duƙe, baya ya fara ciwo. Sai ya samo bulo huɗu, ya ɗaga injin, ya gwada, ya zo cif.

Washegari, rana tsaka, unguwa ta yi tsit. Ko kaza ba ta motsi. Sallau yana aiki a rumfarsa, sai ya ji sallama a bayansa, muryar kamar daga cikin tulu.

Dogon mutum ne cikin tsohuwar riga. Ba inuwa a ƙasansa.

"Wa ya taɓa mini inji?"

Sallau ya ce, "Baba, ai nawa ne. Gado na ci."

"Safe da yamma naka ne. Tsakar rana nawa. Jatau bai gaya maka ba?"

Baƙon ya naɗe hannun riga, ya lanƙwasa hannu. Wayyo! Gwiwar hannun can ƙasa take, kusa da gwiwar ƙafa. Daidai tsohon tsayin injin.

Ya ce, "Jatau ma ya taɓa ɗagawa. Ban yi faɗa ba. Shi na gyara."

Ya miƙo yatsa ɗaya ya ɗora a tsakiyar bayan Sallau. Sanyi ƙalau. Sallau ya ji ƙashin bayansa ya fara lanƙwasa, a hankali, kamar ɗanyen kara.

"Dakata, Baba! Zan sauka da kaina."

Yatsan ya tsaya.

Sallau ya zare bulon nan huɗu. Ya ɗauko diga, ya haƙa rami a gaban injin, ya shiga ya tsaya, ya lanƙwasa hannu. Itacen ya zo daidai gwiwar hannunsa, bayansa a miƙe.

Baƙon ya daɗe yana kallon ramin. Can ya ce, "To. Da kanka ka fara."

Ko da Sallau ya ɗaga kai, ba kowa.

Har yau a ramin yake aiki, kuma bai ranƙwafa ba. Azahar ba ta taɓa samunsa a rumfar. Amma duk Juma'a sai ya zuba ƙasa a ciki, don ramin ƙara zurfi yake, kuma ba shi ke haƙawa ba. A da, kwano ɗaya yake zubawa. Bana, matarsa ta gaya wa Inna, sai ya zuba uku.

Saboda haka in an aike ku da rana tsaka, kada wanda ya bi ta bayan marina shi kaɗai. In kun ji inji yana juyawa, kada ku leƙa. Sallau yana gida.