Yadda Aka Jera Fayil Biyar

Ƙarfe biyu saura kwata na rana jagoran tawagar Hungari ya buɗe fayil ɗinsa a gaban kowa, sai ga takardar sirrin Romaniya a sama. Jagoran Romaniya, Mista Ursache, yana zaune daura da shi, ya gane rubutun hannunsa a gefen takardar. Ya miƙe, ya zare ta, ya ce a juyo masa da motarsa.

Minti ashirin bayan haka Sufeto Nevena Kolarova ta iso zauren taro na garin Tutrakan, a ƙasar Bulgeriya. Ta tarar kowace tawaga ta kama kusurwarta, ana ta magana ƙasa-ƙasa.

Ƙasashe biyar ne na bakin kogin Danube suka hallara: Silobakiya, Hungari, Kuroshiya, Bulgeriya da Romaniya. Mako mai zuwa za a jefa ƙuri'a a Tarayyar Turai kan yashe wani yanki na kogin inda manyan kifaye ke zuba ƙwai. Kowace ita kaɗai ba za a ji muryarta ba, shi ya sa suka shafe wata takwas suna lallashin juna su tsaya a wuri ɗaya. Kowace tawaga ta zo da takarda guda da ba ta nuna wa kowa, wadda ta faɗi iyakar abin da za ta iya sassautawa. Irin wannan ce aka ɗauke daga fayil ɗin Romaniya.

Jagorar masu masaukin baƙi, Madam Vurbanova, ta ja Nevena gefe.

"Ƙarfe biyar za mu sa hannu," ta ce. "Na roƙi Ursache ya jira zuwa huɗu. 'Yan Hungari sun rantse ba su ba ne. To idan ba su ba ne, maɓallin kabad ɗin da aka kulle fayil ɗin a ciki ɗaya ne."

"Kina nufin Goggo Ginka."

"Ban san sunanta ba. Mai kula da zauren. Idan huɗu ta yi ba ki kawo min wani ba, zan ce musu ita ce, kuma mun miƙa ta hannunku. Gara a rasa ta da a rasa taron gaba ɗaya."

Nevena ta san Goggo Ginka tun tana 'yar firamare, lokacin da tsohuwar ke korar su daga bakin ƙofa su je su goge taɓon takalma. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da maɓallan wannan gini. A gari irin Tutrakan, wanda aka kira ɓarawo da rana, kafin la'asar masu sayar da kifi sun gama labarin.

Ta same ta a kicin, zaune kan kujera, da rigar ado mai jan ɗinki har yanzu a jikinta.

"Nevenche, ke suka turo? To sa min ankwar a hankali, hannuna na ciwo."

"Ba ankwa na kawo ba, Goggo. Faɗa min yadda aka yi, daga farko."

Ginka ta faɗa. Ƙarfe goma sha biyu da rabi aka tashi cin abinci a lambun baya, wajen kogi. Ita ta tattara fayil biyar, ta sa a kabad, ta kulle. Daga nan ta tuɓe rigar aiki, ta rataye a bayan ƙofar kicin, ta sa ta ado don kai wa baƙi burodi da zuma. Maɓallin yana aljihun rigar aikin. Da ta dawo, a nan ta same shi.

"Ba ki ga wani abu da ya sauya ba?"

"Ni ce dai na sauya. Tsufa ya zo. Na ba wa ɗan Hungari fayil ɗin ƙasarmu, sai da ya dawo min da shi yana murmushi. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba."

"Ya aka yi haka?"

"Ban duba ba ne. Na san shi ne na biyu, sai na miƙa."

"Me ya sa shi ne na biyu?"

Ginka ta dube ta kamar yarinyar da ba ta yi aikin gida ba. "Yadda ruwa ke gangarowa mana. Silobakiya, Hungari, Kuroshiya, mu, sai Romaniya inda ya faɗa teku. Haka na jera kujeru, haka na jera tutoci, haka na jera fayil."

"Da kika ciro su fa?"

Tsohuwar ta rufe ido, ta ƙirga da yatsu. "Silobakiya a sama. Sai mu. Sai Romaniya, Kuroshiya, Hungari a ƙasa."

Nevena ta rubuta sunayen biyar a littafinta. Ta dafa kafaɗar Ginka ta ce, "Ba tsufa ba ne, Goggo. Sha ruwa, ina zuwa."

Ɗan sandan da ke gadin ƙofar lambu ya rubuta duk wanda ya fita lokacin cin abinci. Mutum uku ne. Sevda, tafinta. Levente, sakataren tawagar Hungari. Sai Mista Tihomir Raychev, wanda aka ɗauko daga Sofiya, babban birnin ƙasar, ya shirya taron saboda ya daɗe yana aiki a Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai.

Kafin ta kira su, ta nufi Mista Ursache, wanda ke tsaye a bakin taga yana duba agogo. Ta yi masa magana da yarensa, kamar yadda mutanen wannan gaɓa mai kallon Romaniya da yawa suka iya, tana nuna masa jerin da ta rubuta.

"Yallaɓai, wannan jerin yana da wata ma'ana a wurinka?"

Ya karanta da ƙyar, kamar wanda aka tilasta. "Haka muke zama a Brussels. Ana bin jerin shugabancin karɓa-karɓa na Tarayyar ne. Cire sauran ƙasashen da ke tsakaninmu, abin da zai rage ke nan. Kowa a ɗakin nan ya san shi, Sufeto. Wannan ne binciken?"

"Farkonsa ne."

Gaskiya ya faɗa, kowa ya san shi. Amma Nevena ta yi tunanin mutumin da ya baza fayil biyar a kan tebur, kunnensa na ƙofa. Irin wannan ba ya tsayawa tuna jerin komai. Ko dai ya tattara su yadda suka zo, ko hannunsa ya yi abin da ya saba yi.

Ta roƙi wakilai su kwashe takardunsu su ba ta fayil ɗin babu komai a ciki. Ta baza su a kan teburin ƙaramin ofis, ta zauna, ta ce a shigo da tafinta.

Sevda ta ce taba ta fita sha a kan matakala. "Awa uku ina maimaita maganar mutanen da ba su ce komai ba. Ke ma da kin sha." Mai gadin yana hango ta daga inda yake, ya kuma tabbatar. Da za ta fita Nevena ta ce, "Don Allah tattaro min waɗancan." Sevda ta share su da hannu ɗaya, ta dire mata, biyu ma a kife.

Levente ya shigo fuskarsa ta yi fari. Matarsa ya kira, tana asibiti tana jiran haihuwa. Ya nuna wayar: minti ashirin da biyu.

"Ko da na saci takardar," ya ce, "sai in sa ta inda maigidana zai buɗe a gaban mai ita? Ni ba gwani ba ne, amma ban kai nan ba."

Shi ma ta roƙe shi ya tattara. Ya ɗora na Hungari a sama, sauran ko oho.

Ƙarfe uku da rabi Mista Raychev ya shigo. Dattijo ne mai tsafta, kwat ɗinsa babu ko ƙura duk da zafin watan Yuli. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Abin tausayi ne," ya ce. "Waɗannan tsofaffin, a ba su cakulan guda su buɗe maka kowace ƙofa. Na gaya wa Madam tun farko a kawo ma'aikata daga Sofiya."

"Ina ka je lokacin cin abinci?"

"Sama, ɗakin karatu. A can injin buga takardu yake. Na je in buga wasiƙar da za a sa wa hannu."

"Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya daidai."

"Wane aiki ka yi a Brussels, yallaɓai?"

"Ba da shawara. Shekara goma sha ɗaya. Ba zan iya yi miki bayani a minti biyar ba."

"Haka ne. Mu nan sai kifi da 'ya'yan itace." Ta rufe littafinta. "Na gode. Taimaka min da waɗancan, in mayar wa masu su."

Ya miƙe yana ci gaba da magana kan yadda ƙananan garuruwa ba su iya karɓar manyan taruka ba. Idonsa na kanta. Hannunsa ya tsallake fayil ɗin da ke kusa, ya ɗauko na nesa, ya zura wani a ƙarƙashi, ya buga gefensu a tebur sau biyu don su daidaita, ya miƙa mata.

Nevena ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa a hankali. "Silobakiya. Bulgeriya. Romaniya. Kuroshiya. Hungari." Ta buɗe littafinta, ta juya masa shafin. "Haka aka same su a kabad."

Ya dubi shafin, ya dubi hannunsa. "Wannan ba hujja ba ce."

"Ba hujja ba ce. Shi ya sa na tambaye ka lokaci. Ɗakin karatun nan ana kulle shi daga sha biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi, mai kula da shi ta tafi gida ta ba mahaifinta abinci. Duk ɗan Tutrakan ya san haka. Na kira ta ɗazu. Ta ce ka buga wasiƙar tun sha ɗaya da minti arba'in, har ka yi mata faɗa kan tawada." Ta dakata. "Wane aiki ka yi a Brussels, Mista Raychev?"

Ya zauna.

"Jera takardu," ya ce. "Kafin ministoci su shigo, mu ne ke bin kujeru muna ajiye wa kowa nasa. Shekara goma sha ɗaya, babu wanda ya tambayi sunana."

Sauran ya fito da sauƙi. Wani kamfanin jiragen dakon kaya ne ke son a yashe kogin. Sun yi masa alkawarin kujera a ofishinsu, da sunansa a jikin ƙofa, idan ƙasashen biyar suka tashi ba su sa hannu ba. Bai ma karanta takardar ba. Ya san idan aka same ta a hannun maƙwabci, tsohon zargin da ke tsakanin maƙwabtan biyu zai ƙarasa masa aikin.

Huɗu saura minti biyar Nevena ta tsaya a gaban wakilai, ta yi bayani daki-daki: maɓalli a aljihun riga, jerin kogi, jerin Brussels, ɗakin karatu a kulle. Ta ce da mai kula da zauren ba ta da tsari a aikinta, da babu wanda zai gane hannun da ya taɓa fayil ɗin. Ta maimaita wannan, don ta ga Madam Vurbanova ta sunkuyar da kai.

Mista Ursache ya dubi jagoran Hungari. "Ka karanta ta?"

"Layin farko kawai."

"To ka san abin da zan sassauta."

"Na sani. Kuma ya fi abin da na zata." Ɗan Hungarin ya ciro tasa takardar, ya tura masa a kan tebur. "Karanta layin farko. Sai mu zama ɗaya."

Wani daga tawagar Kuroshiya ya ce in haka ne kowa ya fito da tasa, a huta. Aka yi dariya, irin ta mutanen da suka daɗe suna riƙe numfashi. Ƙarfe biyar da minti goma hannu biyar suka hau wasiƙar.

Da motoci suka fara tafiya, Nevena ta koma ciki. Goggo Ginka ta riga ta mayar da rigar aikinta, tana naɗe tutoci.

"Shi ke nan, Nevenche?"

"Shi ke nan, Goggo. Babu wanda zai ji komai sai alheri."

Ginka ta gyaɗa kai, ta ci gaba da naɗi, amma sai da ta naɗe tuta ɗaya sau uku kafin ta yi daidai.

Madam Vurbanova ta shigo, jakarta a kafaɗa, direbanta na jira a waje. Ta tsaya nesa kaɗan.

"An ce min kin ji abin da na faɗa ɗazu. Ban kyauta ba. Me zan yi miki?"

Ginka ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan dogon takalminta. Sannan ta nuna babban teburin taron da haɓa.

"Gobe yara na da rawa a nan, sai an kai shi jikin bango. Kama wancan gefen, 'yata. Ɗagawa za ki yi, kar ki ja, daɓen katako ne."

Madam ta ajiye jakarta a ƙasa, ta cire takalmin, ta kama.