Kwaɗon Da Ya Haɗiye Turmi

A wani gari can, an yi wata yarinya mai haɗa zane mai motsi a kwamfuta. Ƙanwarta ta kwanta ciwo, ta daina dariya, sai ta zana mata kwaɗo. Amma in ya yi tsalle sai ya faɗo tim. Ta gyara, tim. Ta sake, tim.

Kakarsu ta leƙo ta ce, "Ke, kwaɗon naki turmi ya haɗiye?"

Yarinya ta ji haushi, amma ta daure ta ce, "To ya zan yi, Kaka?"

"Je bakin rijiya ki kalli na Allah."

Ta je ta tsuguna. Ashe kwaɗo sai ya takure kafin ya miƙe. Ta dawo ta sa nata ya takure, ya miƙe, ya dira, ya ɗan sake tashi.

Ƙanwar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Yaya, ƙara!"