Da Ido Ake Zaɓa

Hassada ta hana Mansir sakat tun da aka yaba wa Yagana a ofishinsu na GRA. A duniyar da ake gani cikin gilashin kwamfuta da ake ɗaurawa a ido, shi da sandar haske yake nuna abu. Dabararta kuwa, ka kafa wa abu ido, zobe ya kewaye shi, ka zaɓe shi ke nan.

Bayan isha ya koma ofis, ya sa gilashinta don ya nemo aibi. Sai ga wata tsohuwa a lungu tana warin toka, alhali gilashi ba ya kawo wari.

"Ɗana, idonka ya daɗe a kan kayan mutane," in ji ta.

Ya fizge gilashin. Tsohuwar tana nan, ta kafa masa ido ba ta ƙiftawa, zoben yana rufewa a ƙirjinsa.