Allura a Lakar Tsohon Gungu

Da la'asar sakaliya Gambo ya tura kwalekwale daga Yelwa zuwa tsohon gungunsu, wanda tafkin Kainji ya haɗiye tun yana goye. A shekarar ruwa ya ja baya, laka ta fito. Cikin akwatinsa akwai allurar awo da ya aro a jami'a, ta gilashi da 'yar waya a ciki, tsininta bai kai silin gashi ba. In iskar shaƙa ta taɓa tsinin, sai 'yar wutar lantarki ta gudana, hannun mita ya motsa.

Tun da safe Inna ta ja masa kunne: "Kak ka taka bayan gidanmu na da. Yayyenka na kwance can."

Tagwayen da ya biyo bayansu ke nan, sun rasu suna jarirai. Ya ce to. Amma ɗan boko da kunnen ƙashi, da ya ga lakar wurin ta fi laushi, can ya durƙusa.

Wurin na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kwaɗi na kuka. Ya soka allurar sannu-sannu, hannun mita na sauka. Haka ya kamata, don ƙasan laka ba iska.

Sai hannun ya ɗaga.

Ya sauka, ya sake ɗagawa, kamar ƙirjin mai barci. Gambo ya zuba ido. Numfashi biyu ne, ɗaya na bin ɗaya.

Kwaɗi suka yi tsit. Ƙamshin man kaɗanya ya taso.

"Gambo," muryoyi biyu ƙanana suka raɗa, cike da murna, "ka zo?"

Hannunsa ya karkata. Ƙas, tsinin ya karye a ciki.

Numfashi ya koma ɗaya.

Kuka ya tashi daga ƙasa. 'Yan yatsu masu sanyi suka kama idon sawunsa. Ya fizge, ya bar takalma da akwati, ya faɗa kwalekwale.

Ya tarar da Inna kan tabarmar sallah, ko tuwo ba ta taɓa ba.

"Kullum bayan magariba nikan ji su suna wasa su biyu," ta ce. "Yau guda nika ji, shina kiran ɗan'uwanshi. Ka tafi can?"

"Ban tafi ba, Inna."

Ta dubi ƙafafunsa. Kunya ta kama shi, ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ta jawo buta, ta wanke masa lakar da hannunta, ta tara ruwan a ƙwarya don kada ko ɗigo ya zube.

Har ta rasu ba ta sake tambayarsa ba.