Takalmin Da Sarakuna Suka Tsallake

Tun kafin zakara ya yi cara Dalisay ta farka, ta zauna, ta miƙe, ta sake zama, ta rasa inda za ta sa ranta. Safiyar idin Sarakuna Uku ce, ranar da kowane yaro a garin Lumban ke tarar da kyautar da aka ce Sarakunan ne ke kawowa a kan takalmin da ya ajiye a bakin taga. Jiya sau uku ta goge nata da man kwakwa, ta yanko ɗanyar ciyawa saboda raƙuman Sarakuna. Ta lallaɓa bakin tagar... ciyawa ta ɓace, amma takalminta wayam. A kan na Marilu 'yar Gwaggo Nenita kuwa, ga riga ruwan ƙwai a ninke, wuyanta ya sha aikin zare.

Shekara ta huɗu ke nan. Tun da ambaliya ta tafi da iyayenta ta dawo hannun ƙanwar mahaifinta, ba ta taɓa samun ko alewa ba.

"Kin leƙa?" in ji Gwaggo Nenita daga bayanta. "Ai na gaya miki Sarakuna ba sa kuskure, zuciya suke dubawa. Yarinyar da ruwa ya ci uwa da uba ya tofar da ita, wa ya san abin da ke tare da ita? Wuce ki ɗora shinkafa, kada ki jiƙa mana ƙasa da hawaye."

Allah sarki Dalisay! Ita ce wanki a bakin kogi, ita ce shara, ita ce ɗibar ruwa, duk don Sarakuna su ga ta shiryu. Yaran unguwa na kiranta mai takalmin wofi. Kullum sai ta durƙusa tana kuka: "Ya Ubangiji, idan wani laifi na yi, ka nuna mini shi in tuba..." Da abin ya ishe ta a watan jiya, ta rubuta wa Ninang Perla, matar da ta riƙe ta ranar baftisma, mai aikin zare a Manila, layi ɗaya tak: me zan yi Sarakuna su yafe mini?

Tana sharar ƙofar gida da hantsi, mutane na dawowa daga coci, sai ga Ninang Perla da wasiƙar a hannu. Ba ta ko gaisa ba, idonta ya sauka a kan Marilu, wadda ke sanye da sabuwar rigar.

"Nenita, rigar nan fa?"

"Sarakuna ne suka kawo wa 'yata," Gwaggo ta amsa tana yaƙe.

"Iko sai Allah. Ashe Sarakuna sun koyi ɗinkina. Zo nan, 'yata." Ta juya gefen rigar a gaban matan unguwa. Ga suna nan da jan zare, ƙanana-ƙanana: Dalisay. "Shekara huɗu ina aiko miki da kaya ki ɗora a takalmin marainiyar nan, kowanne da sunanta a ciki. Ina sauran ukun?"

Gwaggo ta kawar da kai. Dalisay kuwa ta rikice, ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Ninang, ban gane ba... Sarakunan ne suka ba ki saƙo?"

Ninang Perla ta durƙusa a gabanta. Ba ta so ta zama wadda za ta raba yarinya da raƙumanta, amma gara haka da ta girma tana ganin sama ta ƙi ta.

"Dalisay, kin girma, saurara. Babu Sarakunan da ke zuwa bakin taga. Manya ne ke tashi su ajiye, don yara su yi murna. Da mahaifiyarki ke yi miki, da ta rasu na karɓa."

"Ciyawar fa?"

"Akuyar gidanku ta san wannan."

Wata dariya ta kuɓuce wa Dalisay, ta rikiɗe ta koma kuka mai shessheƙa. "Ashe ba ƙi na suka yi ba? Ba ni da laifi?"

"Ko ƙwaya ɗaya. Ba a taɓa tsallake ki ba."

Marilu ta ruga ɗaki ta tuɓe rigar, ta fito da ita haɗe da sauran ukun tana hawaye. "Yaya, wallahi ban sani ba." Gwaggo Nenita, wadda ita ke tara wa marayu kyauta a coci duk shekara, a ranar matan suka karɓe makullin ɗakin ajiya daga hannunta; har yau in ta shiga kasuwa ba mai amsa gaisuwarta. Da yamma Dalisay ta bi Ninang zuwa Manila.

Da shekara ta zagayo, Dalisay ce ta riga kowa tashi, tana kaiwa da komowa a tsakar ɗaki.

"Ninang, ba ki leƙa takalminki ba?"

A kan tsohon silifas ɗin Ninang akwai ɗan hankici, an ɗinka sunan Perla da jan zare, harafin ƙarshe ya karkace.