Inda Aka Zaunar da Mai Nono

"Karanta shi da bakinka, Maccido! Karanta!"

Turai ta cilla mashi takardar a ƙirji, idanunta jawur.

Ɗiyar Bube ce, makiyayin Kwargaba. Maccidon nan kuwa malamin elementare ne a Wurno, shi ya koya mata karatun boko tun tana kawo nono bakin makaranta, har soyayya ta shiga. Yau ya biyo ta ruga da wasan kwaikwayon da ya rubuta, wanda za a yi gaban Baturen makaranta. Bawan Allah, yabo ya zo nema!

"Haba hasken idona..."

"Riƙe hasken idonka! Karanta!"

Ya karanta, murya ƙasa-ƙasa. "Tsakar gidan Alhaji. Uwargida bisa kujera, ɗiyarta bisa tabarma. Mai nono ta tuɓe takalmi tun daga waje, ta durƙusa bisa ƙasa, ba ta ɗaga kai. A miƙa mata ruwa cikin tsohon gwangwani."

Ya ɗago. "Wanga fa umurni na kawai, don 'yan wasa su san mazaunin kowa. Haka duniya take, Turai. Gaskiya nir rubuta."

"Gaskiya kam! Shi yas sa nig gane ta. Gwangwanin ga, ina kag gan shi?"

Ya naɗe takardar.

Juma'ar da ta wuce ne Turai ta raka Innarta gaida Goggo Sabuwa, wadda ta reni Maccido. Ita Goggo ɗiyarta Laraba take so ya aura, don haka ta bar Innar Turai durƙushe a ƙasa har gwiwa ta yi sanyi. Laraba, munafuka, ita ta tashi daga tabarma ta ɗebo ruwa a gwangwanin kaji tana danne dariya. Ranar Inna ba ta ci tuwo ba.

"Cewa anka yi ba ka gida," in ji Turai.

"Ina ɗaki... bayan asabari."

"Innalillahi! Uwata gwiwa ƙasa, kai kana leƙe kana haddacewa? Ba ka iya fitowa da tabarma ba, amma ka iya ɗaukar alƙalami!"

"Don mutane su gani su ji kunya niy yi, wallahi!"

"Kai da kag gani, mi kay yi?"

"In goge shi, masoyiyata. Yanzun ga in goge shi!"

"Goge na takarda. Ran da anka kai ni gidanku fa? In Inna taz zo ganina, ina za ta zamna?"

Ta tsare shi da ido. Allah ya sani tana son shi, son da ke hana ta ci. Da ya ce "bisa tabarmata," da ta yafe mashi nan take.

"Goggo ta rene ni, Turai... sai dai a bi ta sannu a hankali."

Sannu a hankali! Zuciyarta ta tafasa, amma ba ta yarda hawaye ya zubo a gabanshi ba.

"Allah shi ba ka Laraba, Malam."

"Turai! Turai, tsaya!"

Ta shige bukka ta ja ƙyaure.

Bayan 'yan kwanaki aka yi wasan a makaranta, ya yi kyau, an ce Bature har tafi ya yi. Maccido bai tsaya gaisuwa ba, ya hau keke ya nufi Kwargaba da guminshi.

Turakun shanu kawai ya tarar. Bube ya tashi da iyalinshi zuwa fadamar Goronyo tun shekaranjiya, kuma ba a bar mashi saƙo ba.