Malam-buɗe-littafi a Cikin Shinkafa

Hannun daman Mama Fumie, mahaifiyar Ryohei, yana rawa. Chisato kaɗai ta lura, don tsohuwar ta yi saurin cusa shi cikin aljihu.

Yau Ryohei zai gabatar da Chisato, budurwarsa, ga danginsa a ƙauyensu na Chiba. Baƙi sun cika falo, ita kuwa tana kicin, gumi na keto mata.

Tun farko mahaifiyarsa ta faɗi sharaɗinta: ba ta karɓar 'yar Tokyo da ba ta iya naɗa sushin biki ba, wato shinkafar da ake naɗewa cikin ganyen teku, irin mai zane a ciki, wanda ba a ganin zanen sai an yanka.

Wata guda Chisato ta yi tana koyo a ɓoye. Mayuko, 'yar maƙwabta da Mama ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awarta, ita ta ba ta shawara.

"Ki yi malam-buɗe-littafi, Mama tana mutuwar son sa!"

Chisato ta jiƙa wuƙa da ruwan tsami, ta yanka a hankali...

Fukafukai ruwan hoda suka bayyana, tsaf!

Gwaggon Ryohei, da ke tsaye a kicin ɗin tare da Mama da Mayuko, ta dafe ƙirji.

"Wai! A ranar baiko? Abin da ke tashi daga wannan fure zuwa wancan? 'Yar nan, so kike auren ya ƙi zama?"

Mayuko ta rufe baki. "Ayya... ashe a jami'arku ba a koyar da wannan?"

Ryohei ya faɗo kicin ɗin. "Mama, don Allah, ba ta sani ba! Chisato, rabin raina, kar ki yi kuka..."

"Fita ka ba mu wuri," in ji Mama. "Nawa za a kai wa baƙi."

Ta jawo nata naɗin, ta ɗauki wuƙa. Bakin wuƙar ya fara karkarwa a kan ganyen. Shekara arba'in ita ke yanka sushin kowane biki a ƙauyen nan, ga kuma idon Gwaggo a kanta.

Chisato ta share hawaye, ta matsa ta tare tsakanin Mama da Gwaggo da bayanta.

"Mama... ki koya mini yadda kike yanka. Ki riƙe hannuna."

Chisato ta ɗora hannunta a kan na Mama a ƙotar wuƙar, ta danne rawar. Suka yanka tare. Furanni suka fito ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwaya ba ta zame ba.

"Tun yaushe kika sani?" Mama ta raɗa mata.

"Tun da kika daina zuba shayi a gaban mutane."

Mama ta ajiye wuƙar. Sai ta ɗauki yanka biyu daga na Chisato, ta jera su fuska da fuska a tsakiyar furannin.

"Ɗaya ne ke yawo," ta ce da Gwaggo. "Waɗannan biyu ne, kuma sun sauka. Mayuko, kin san haka, ko?"

Mayuko ta sunkuyar da kai.

"Ryohei! Zo ka ɗauki tiren matarka, ka tsaya kana leƙe kamar mage!"

Ya shigo yana dariya, idonsa jawur. "Kin gama da ni, masoyiya..."

Mama ta ɗauraye tsohuwar tabarmar gorar da take naɗi da ita, wadda surukarta ta bar mata. Ta goge ta, ta ajiye kusa da hannun Chisato, ta zura silifas ta fice ta ƙofar lambu.